Sa Hannun Da Ba Ni Na Yi Ba

Jama'a, yau in kun ga kuskure a rubutun ku yi mini uzuri. Tun jiya da hantsi ban sa komai a cikina ba sai ruwa, kuma a gidan nan babu wanda zai zauna ya saurare ni har in kai aya, shi ya sa na zo gare ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Zakiyya, ɗiyar Alhaji Munkaila mai mangaza, wato babban ɗakin ajiyar wake da gyaɗa, a bayan tashar Matameye. Shekarata ashirin da shida. Anfarmatik na karanta a Damagaram, wato ilimin kwamfuta, na fito da dipulom ɗina mai kyau, na dawo gida na zauna. Ɗan aikin da nake yi shi ne gyara wa malaman makaranta kwamfutocinsu da buga wa mutane takardu a ɗakin zaure. Kun san halin garinmu. Mace ta kai waɗannan shekarun ba ta ɗakinta, ko suna ta je sai wata gwaggo ta yi mata addu'ar miji da ƙarfi yadda na ƙofar gida ma zai ji.

Sai Allah ya kawo Fahad, ɗan Alhaji Shekara, cikin manyan ƴan kasuwar Damagaram. Sana'arsa tsofaffin na'urorin ofis, yana sayowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya gyara ya sayar. Dogo ne, mai sanyin magana, in ya bar zaure ƙamshin turarensa sai ya wuni. Ba zan yi muku ƙarya ba, babu wanda ya tilasta mini shi. Ni na so shi. Inna kuwa har ta fi ni, in ta ji ƙarar motarsa da kanta take tashi ta dama fura. An kawo kaya, an sa rana, saura mako biyar.

Wata guda da ya wuce, ranar kasuwa, wani kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar mangazar Baba. Sai da ƙarti goma sha biyu suka haɗu da igiya da katakai kafin suka sauke abin da ke ciki. Baƙa ce wuluk, ta fi ƙofar ɗakina tsawo, faɗinta kamar an jera manyan firiji biyu. Masu kai awo kasuwa suka ajiye kwarya suna kallo, wata tsohuwa har rantsuwa take yi wai injin buga kuɗi ne. Ni kuwa ina ganinta murna ta kama ni. Menfirem ce! Babbar kwamfutar nan da bankuna da kamfanonin jiragen sama suke killacewa a ɗaki mai sanyi, ita kaɗai tana yi wa dubban mutane aiki lokaci guda. A hoto kawai na taɓa ganinta a aji, yau ga ta tsakanin buhunan wakenmu.

Fahad ya ce ajiya ce ta ɗan lokaci kafin mai saye ya gama shirya mata ɗaki. Na shafa jikinta na ce, "Yaya Fahad, ina takardunta? Lisans fa, takardar izinin aiki da ita?"

Ya yi dariya. "Amarya, ki ji da zaɓen kalar labule. Wannan ki bar mini."

Na rufe fuska da mayafi ina jin kunya. Kai, Zakiyya, Allah ya shirye ki.

Jiya Talata da hantsi tela ya aiko da ɗinkunana. Inna ta baje su kan gado, atamfa huɗu, leshi biyu, da wata doguwar riga ta shadda mai ruwan zuma da aka yi wa aiki a wuya da bakin hannu. Ita na sa, ina juyawa gaban madubi, Inna tana cewa an matse ƙugun da yawa, sai wayata ta yi ƙara a kan matashi.

Madam Najaha ce. Malamata ce a Damagaram, ita ta koya mana tsarin manyan na'urori. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ana saura kwana huɗu jarrabawar ƙarshe, gidanta ta ɗauke ni ta kai, ta yi jinyata da hannunta. Bara ta buɗe tata makarantar anfarmatik. Ga abin da ta rubuto:

"Salam ɗiyata. Ashe kin samu aiki ba ki faɗa mini ba? Barka! Na ga takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Wallahi da ba sunanki na gani ba da ban saki jiki ba. Alhamis zan turo kamiyo a ɗauko na'urar, ɗalibaina sun ƙagu."

Wace takarda? Wane aiki? Kafin in rubuta tambayar sai ga hoto ya shigo. Na buɗe, na ja shi da yatsa biyu.

Takarda ce da Faransanci, da sunan kamfanin Fahad a sama. Ta ce ni, Zakiyya Munkaila, shugabar sashen fasaha ta kamfanin, na duba na'ura mai lamba kaza da idona. Ta ce na tabbatar furogiram ɗin cikinta na asali ne ba a taɓa shi ba, an miƙa lisans ɗinsa daga mai ita na farko zuwa ga mai saye bisa ƙa'ida, kuma sistem ɗin da ke kanta halal ne a yi aiki da shi. Ga lambar dipulom ɗina. Ga ranar haihuwata. A can ƙasa, kusa da hatimi, ga sa hannuna, har ɗan lanƙwasan da nake yi wa wutsiyar harafin farko.

Ban san lokacin da na zauna kan leshin ba.

"Ke! Tashi, za ki yamutsa shi!" in ji Inna. Sai ta kalli fuskata. "Lafiya? Wa ya rasu?"

Na kife wayar a cinyata. Abu ɗaya ne yake yawo a kaina: mako uku da suka wuce Fahad ya karɓi kwafin dipulom ɗina da na katin ɗan ƙasa, wai zai nema mini aiki a Damagaram in fara bayan biki. Har godiya na yi masa. Har addu'a Inna ta yi masa. A jikin katin nan sa hannuna yake.

Bari in tsaya in yi muku bayani, don na san wata za ta ce, to mene ne a takarda? Irin wannan na'ura ba kamar tsohuwar talabijin ba ce da za ka saya ka kunna. Ƙarfen ne kawai ake sayar maka. Akwai wani furogiram da aka dasa a cikin ƙarfen, shi yake tashe ta, shi yake gaya mata yawan ƙarfin da za ta yi aiki da shi. Wannan har gobe na kamfanin da ya ƙera ta ne, izinin amfani kawai yake bayarwa, kuma izinin a ɗaure yake da lambar na'urar. In za a sayar da ita, sai an miƙa wa sabon mai ita sharuɗɗan ya amince, kamfanin ya san da zamansa. Shi kuwa sistem, babban furogiram ɗin da ake aiki a kansa, ba ya bin ƙarfe ko taku ɗaya. Haya ce mai ita na farko yake yi, ranar da ya rabu da na'urar hayar ta ƙare, sabon mai saye sai ya nemi tasa. Madam Najaha da bakinta ta koya mana wannan. Wanda ya sa hannu ya ce komai daidai ne alhali ba haka ba, shi za a kama, ba ƙarfen ba.

Na tuɓe rigar, na zura baƙar doguwar riga da hijabi. Baba ya tafi Tsauni awon wake tun da safe, makullin mangaza yana rataye a ƙusar ɗakinsa. Na ɗauka, Inna tana kirana ban waiwaya ba.

Cikin mangaza zafi da warin maganin ƙwari. Na buɗe ƙofar bayan na'urar. Ita kanta ba za ta tashi da kuran, wato wutar lantarki, irin na gida ba, amma a cikin ƙofar akwai ƙaramar kwamfuta da aka ɗaure, wadda ma'aikaci yake magana da babbar ta cikinta. Na jawo wayar wuta daga shagon maƙwabcinmu mai markaɗe, na kunna ta. Kalmar sirrin ma an rubuta a ƴar takarda an manna a gefe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lambar da ke buge a jikin ƙarfen daban, wadda furogiram ɗin yake nunawa daban. An kwaso na wata na'ura an ɗura mata. Ƙwaƙwalwa goma ce a cikinta, mai ita na farko uku aka buɗe masa, yanzu duka goman a buɗe suke, kuma kwanan watan da aka yi aikin ya nuna tana Kwatano lokacin. Sistem ɗin ma har yanzu sunan wani kamfani ne a kansa da ban taɓa ji ba. Na durƙusa na haska ƙasan ƙofar da fitilar waya, sai ga wata jar takarda da aka kankare rabinta. Abin da ya rage ya isa a karanta: a farfasa ta, ba ta sayarwa ba ce.

Na ɗauki hoton komai. Sannan na zauna kan buhun gyaɗa na rubuta masa:

"Ka zo yau. Na ga takardar."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Can sai ga kalma biyu: "Bayan la'asar."

Ya zo cikin farar shadda da hula zanna, da ledar tuffa a hannu kamar kullum. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, ban kawo ruwa ba. Na ɗora wayar a gabansa da hoton a buɗe.

Ya kalla, ya ɗago, ya yi murmushi. Wallahi murmushi ya yi.

"Da na so in gaya miki bayan biki. Kin ga ai ban yi ƙarya ba, na ce zan samo miki aiki."

"Sa hannun wa ke nan?"

"Naki mana."

"Yaushe na yi?"

"Haba Zakiyya. Nan da mako biyar ke da ni abu ɗaya ne. Abin da yake naki nawa ne."

"Sunana ba naka ba ne. Na shiga cikin na'urar, Yaya Fahad. Na ga lambobin, na ga jar takardar."

A nan ne murmushin ya ɗauke. Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Ki saurare ni. Lafiyarta ƙalau. Wani gwani na samu a Kwatano ya tashe ta, a gabana ta yi aiki. Turawa sun ce a farfasa abu mai rai don kawai kada talaka ya mora. Ni na ceto ta. Yara za su koyi aiki a kanta. Laifi ne?"

"In haka ne me ya hana ka gaya wa Madam gaskiya, ta zaɓa da kanta?"

"Ba za ta saya ba."

"To ka gani."

"Wa zai taso daga ƙetaren teku ya zo Damagaram duba lamba? Wa?"

"Ba sai sun zo ba. Ranar da wani abu ya ƙone a cikinta, wurin wa Madam za ta nema? Lambar za su fara tambaya. Ranar da ta nemi sabunta sistem, takardar izini za su ce ta turo. Me za ta tura musu? Wannan!" Na buga yatsa kan wayar. "Sunan wa ke ciki? Naka babu ko a layi ɗaya, sai na kamfani. Mutum ɗaya ne a takardar nan, ni ce. Makarantar da matar nan ta buɗe da guminta za a iya rufe mata, ni kuma a kai ni kotu da dipulom ɗina."

Ya shiga juya makullin mota a yatsa. Ina jiran ya ce in yi haƙuri. Wallahi da ya faɗa a lokacin, ban san abin da zuciyata za ta yi ba, don har a wannan zaman ina kallon hannunsa ina jin ina son shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Wa kika gaya wa?"

Na ɗauke wayata daga gabansa.

"Babu kowa tukuna."

"To ki bar shi a haka. Alhamis a ɗauke ta, a wuce wurin. In kika tayar da maganar, ba ni kaɗai zan ji kunya ba. A mangazar wa aka sauke ta, duk kasuwa tana kallo?"

Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya fita. Ledar tuffar tana nan inda ya ajiye.

Ashe Inna tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Tana shigowa ta kama hannuna. "Ki rufa mana asiri, Zakiyya. Ni ban san lisans ba, ban san wani sistem ba. Abin da na sani, an raba goro, dangin ubanki na Dawce sun ɗinka anko. Wa zai yarda an fasa aure saboda ƙarfe? Cewa za a yi wani abu ya gani a tare da ke."

"Inna, sa hannuna ya sata."

"Miji ne zai zama! In ya sa ki a rami ai shi ma ya faɗa. Ki yi shiru har a ɗaura, sai ku gyara a ɗakinku."

Tana faɗa tana kuka, kuma na san ba mugunta ba ce. Shekara huɗu tana shan maganganun mata a kaina.

Baba ya dawo gab da magariba, ƙura har gira. Ya zauna kan kujerarsa ta tsakar gida, na durƙusa na nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Baba bai yi boko ba, amma ya shekara arba'in yana awo.

"Tsaya," ya ce. "Kina nufin kamar a zuba tsohon wake a buhun sabo, a ɗinke, a rubuta sunana a jiki?"

"Haka ne, Baba. Ko ma ya fi, don wannan buhun ma ba a ba shi izinin sayarwa ba."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ɗauka zai ce a fitar da ita titi yanzu yanzu. Sai ya ce, "Alhaji Shekara mutumin kirki ne, na ba shi ɗiyata a gaban mutane. Kada ki kira kowa, kada ki rubuta wa kowa, sai na yi magana da shi."

"Baba, jibi za a zo ɗaukarta."

"Na ce sai na yi magana da shi."

Ban taɓa tsallake maganar Baba ba tun da aka haife ni. Yau da safe na tsallake. Allah ya yafe mini. Bayan na share tsakar gida na ɗora koko, na shiga ɗaki na tura ƙofa, na kira Madam Najaha. Na gaya mata kada ta turo kamiyo. Na gaya mata ban taɓa aiki a kamfanin nan ba, ban taɓa ganin takardar ba sai a wayarta. Na tura mata hoton lambobin biyu da na jar takardar.

Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ina kan layi.

"Na ji," ta ce daga ƙarshe. "Allah ya yi miki albarka. Gobe ba kamiyo zai zo ba, ni zan zo da kaina. Amma gaya mini, yaya aka yi takardunki suka shiga hannun yaron nan?"

"Madam... shi zan aura. Saura mako biyar."

"Wa? Fahad?"

"Shi."

Na ji ta ja numfashi. "La'ilaha illallahu. Zakiyya, tun yaushe kika san shi?"

"Bayan ƙaramar salla ya fara nemana."

"Ɗiyata, zauna in a tsaye kike. Ana saura kwana biyu salla ya zo ofishina da hoton na'urar nan, tun tana can ƙetare. Na ce masa ba na sayen irin wannan sai wanda na yarda da iliminsa ya duba ya sa hannu. Ya ce a ina za a samu irin wannan mutum a yankin nan? Na ce akwai ɗalibata a Matameye, ɗiyar wani Alhaji mai mangaza, ba ta da aiki. Ni na ba shi sunanki. Ni na rubuta masa lambarki a bayan katina, don ya ɗauke ki aiki."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na buɗe hirarmu da Fahad na fara ja sama. Na wuce hotunan gadon da muka zaɓa, na wuce saƙonnin barka da Juma'a, na wuce ranar da ya fara ce mini amarya. Yatsana har ya yi zafi kafin na kai farko. Na manta ma abin da ya fara rubuto mini, sai yau na sake gani. Kwana tara ne bayan salla.

"Salam. Ke ce Zakiyya, wadda ta karanta anfarmatik?"

A ƙasa ga amsata, da ƴar fuskar murmushi: "Ni ce. Wa ke magana?"

Ina zaune ina kallon layukan nan biyu na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na ji an rufe ƙofa biyu. Inna ta leƙo, idanunta jajir, ta ce in sa hijabi mai kyau, Alhaji Shekara ne da ɗansa, kuma Baba ya ce in fito zaure in faɗa a gabansu cewa ban gaya wa kowa ba.